Tsallake Bakwai

Duk benen da Baba Birki zai hau, sai ya tsallake mataki na bakwai. Ba da baki yake ƙirgawa ba, ƙafarsa ce ta sani. Zai taka ɗaya, biyu, har shida, a natse, sai ka ga ya ɗan tattara bakin rigarsa, ya buɗe ƙafa, ya sauka a kan na takwas. A asibiti haka yake yi, a banki haka, a gidan 'yarsa ma haka. Waɗanda ba su san shi ba sukan ɗauka ciwon gwiwa ne. Waɗanda suka san gidansa kuwa sukan kau da kai, su nemi wani abin kallo.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koya wa mutane tuƙin mota, a nan sunan ya kama shi. Ba mai yawan magana ba ne a cikin mota. Yakan zauna gefen ɗalibi, hannuwansa a kan cinya, idonsa can gaba. Tun kafin ɗalibi ya hango akuyar da ke shirin tsallaka titi, sai ya ji murya a hankali kusa da kunnensa: "Birki." Ba tsawa, ba zagi. A duk waɗannan shekaru motar koyarwarsa ko bango ba ta taɓa goga ba. Rabin direbobin unguwar ta hannunsa suka bi. Idan ya sayar da tsohuwar fankarsa ko kekensa, mai saye ba ya gwadawa. Har magana ta zauna a bakin mutane, wai kayan Baba Birki ba a duba su.

Yana jin daɗin wannan magana. Bai taɓa faɗa ba, amma matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta sani. Takan ga yadda yake gyara zama idan an faɗe ta.

A bayan gidan akwai tsani na katako, mai mataki goma sha biyu, wanda ya gada daga mahaifinsa. Wata damina ya hau gyaran rufi, da ya taka na bakwai sai ya ji ƙas a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Matakin bai rabu biyu ba, tsagewa ya yi ta ciki. Ya sauko ya naɗe wurin da waya, ya ce ranar Asabar zai kai wa kafinta. Asabar ta zo, yana da ɗalibai. Wata Asabar ɗin aka yi ruwa. Haka Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa har shekara tara. Shi kuwa mutum ne da ba ya barin ragowar fenti ya bushe a gwangwani. Duk shekara idan ya shafe ƙofar gida da kore, abin da ya saura sai ya bi tsanin da shi. Fenti ya hau kan fenti, har wayar ta nutse, ta zama kamar ƙullin itace.

Mutanen gidan duk sun sani. Idan Inna za ta hau shanya a kan rufin ɗakin girki, ko wata cikin 'ya'yansa mata za ta ɗauko ƙwallon da ya maƙale, daga duk inda yake sai a ji muryarsa: "Tsallake bakwai." Tun ana faɗa don tsani har ta zama maganar gida. Idan baƙo ya tambayi dalilin da ya sa kawu bai zo ɗaurin aure ba, sai wata cikin 'ya'yan ta ce a hankali, "Tsallake bakwai," a yi dariya, a sake zance. Shi kuma ƙafarsa ta ɗauki darasin har ta wuce da shi kowane bene.

Bayan ya ajiye aiki, babbar 'yarsa, wadda ake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta matsa a ƙara ɗaki biyu a bayan gida, ko don jikoki idan sun zo hutu. A ofishin da ke ba da izinin gini aka ce sai an kawo takardar inshora, wadda za ta tsaya wa maigida idan wani ya ji rauni a wurin aikin. Baba Birki ya yi tsaki.

"Inshora ai ta masu sakaci ce," in ji shi. "Wanda ke kallon gabansa me zai yi da ita?"

"Baba, kai ma motarka tana da ita shekara talatin."

"Ta taɓa ganin ranar amfani?"

Malama ta biya, ta sa takardar a cikin durowar da yake ajiye tsofaffin lasisinsa.

Gini ya tashi lafiya, aka zo filasta. Mai filastar gajeren mutum ne, kansa da ƙyar yake kai kafaɗar Inna, saboda haka duk gari Dogo ake ce masa. Ba yaron kowa ba ne, ba ɗan kwangila a kansa. Da cokalinsa da kwanon kwaɓinsa da igiyar awo yake yawo, wanda ya kira shi ya je. Hannunsa yana da kyau. Idan ya gama bango, sai ka ji kana so ka shafa. Bakinsa kuma ba ya hutawa. Kwana uku da fara aiki ya riga ya zama ɗan gida, yana leƙa ɗakin girki yana cewa, "Inna, ƙamshin nan zai sa bangonki ya karkace, a taimaka wa mai gyara shi."

Rana ta huɗu da hantsi, Baba Birki yana tsaye a bakin ƙofa tare da maƙwabcinsa mai shagon taya. Maƙwabcin ya zo roƙo ne, ɗansa zai sayi tsohuwar mota, yana so Baba ya je ya saurari injin. Yana cikin cewa shi a garin nan ido ɗaya ya yarda da shi, sai ga Dogo ya fito daga lungu da tsani a kafaɗa.

"Baba, a ara mini wannan. Katakan hawana ba su kai saman bangon ba, ka san Allah bai ba ni da yawa ba."

"Ɗauka," in ji Baba Birki.

Dogo ya buga tsanin da tafin hannu. "Kai! Kamar jiya aka yi shi. Shekararsa nawa?"

"Ya girme ka."

"Ka ji ko?" in ji mai taya. "Abin da nake faɗa ke nan. Kayan Baba Birki ai ba a duba su."

Kalmomin biyu suna kan harshensa. Ya faɗe su sau ɗari, cikin barci ma zai iya faɗa. Amma ga mai taya a tsaye yana murmushi, ga maganar da ya yi ko sauka ba ta gama yi ba. Baba Birki ya ce a ransa, bari mutumin nan ya tafi, sai in zaga in gaya masa. Ai sai ya kwaɓa siminti tukuna.

Ashe Dogo ya riga ya kwaɓa. Mai taya kuma ya shiga labarin wata mota da ya taɓa saya.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, sannan kwano ya bugi ƙasa ya yi ta juyi. Abin da Baba Birki ya fi tunawa daga baya shi ne shirun da ya biyo, domin tun da Dogo ya shigo gidan ba a taɓa jin shirunsa ba.

Sun same shi a kan tarin bulo, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Siminti ya zube masa a ƙirji. Da ya buɗe ido ya ga maigida, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, na karya maka tsani."

A asibiti likita ya ce ƙashin cinya ne ya karye can sama kusa da ƙugu. Sai an yi tiyata an sa ƙarfe, kuma cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ƙashin zai kama yadda ya ga dama. Aikin ba na kuɗin aljihu ba ne. Matar Dogo, doguwar mace mai sanyin murya, ta saurara har ƙarshe, ta gode wa likita, ta fita baranda ta zauna a ƙasa.

Da yamma mijin Malama ya zo. Surukin nan mai sayar da kayan waya ne, amma yana da aboki lauya, saboda haka a gidan shi ne masanin shari'a.

"Baba, don Allah kada ka ce komai," ya ce. "Ka bar mini bakin. Mutanen nan da ka ce tsanin naka ne, shi ke nan, sai kotu. Gidan nan ma sai a sayar. Ma'aikaci ai da kayan aikinsa yake zuwa, kowa ya sani."

Inna tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba.

Kwana biyu bayan haka kamfanin inshora ya turo mai bincike. Mace ce, da jaka da tabarau. Tana shigowa falo ta tsaya, ta rufe baki da hannu.

"Baba Birki! Ashe gidanka ne? Ba ka gane ni ba? Ni ce wadda ta yi wata uku ba ta iya ribas ba."

Ya gane ta. Ita ce mai kuka idan mota ta mutu a tsakiyar titi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce har yau in ta zo mararraba tana jin muryarsa. Inna ta kawo ruwa. Mai binciken ta buɗe fom a kan cinyarta, ta gyara tabarau.

"Bari in yi muku bayani yadda ba zai rikitar ba. Wannan takarda taku, maigida take tsaya wa. Idan raunin ya zo ta dalilin wani abu na gidan nan, ko wani sakaci na maigida, mu ne za mu biya, asibiti da komai, ku ba za ku cire ko sisi ba. Idan kuwa kayan ma'aikacin ne suka ci amanarsa, to ba ruwan maigida, mu ma ba ruwanmu. Kun gane?"

"Mun gane," in ji suruki, wanda bai saurara ba. Kalmar sakaci kawai ya ji.

Baba Birki kuwa ya gane sarai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana karanta ƙananan rubutun takardun mota ba zai kasa gane wannan ba. Babu kotu, babu sayar da gida. Abu ɗaya ake nema a wurinsa, kalma ɗaya a kan layi ɗaya, da sa hannunsa a ƙasa.

"To, tsanin na waye?"

"Nasa ne," in ji suruki. "Da shi ya zo."

Ta juyo. "Haka ne, Baba?"

Ya dubi kofin ruwan da ke gabanta. Wani ƙuda ya sauka a bakin kofin, ya tashi. Ga yarinyar da har yau take jin muryarsa a mararraba, tana kallonsa da fuskar ɗaliba. Bai ce e ba. Bai ce a'a ba. Ya ɗan sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da mutum zai iya cewa daga baya gyara wuya yake yi.

"Shi ke nan," ta ce, tana rubutawa. "A ƙa'ida sai na je na ga tsanin da idona. Amma maganar Baba Birki ai ba a duba ta."

Ya sa hannu. Da ta tafi, Inna ta ɗauke kofin, ta zubar da ruwan a gindin bishiya, ta daɗe tana wanke shi.

Suruki mutum ne mai son aiki ya cika. Washegari ya kira mai amalanke, aka ɗora cokalin Dogo da kwanonsa da katakansa, aka ɗora tsanin a sama, har da guntayen matakin da ya karye, aka kai gidan Dogo. Baba Birki yana ɗaki lokacin. Ya ji ƙarar ƙafafun tsanin suna jan ƙasa a lungu, bai fito ba.

Ya je asibiti a rana ta shida da ledar lemo. Ya hau bene, ya tsallake na bakwai, ya tarar da wani a gadon Dogo. Ma'aikaciyar jinya ta ce 'yan'uwansa sun ɗauke shi jiya, sun kai shi wurin mai ɗori. Ya tsaya riƙe da ledar. Daga ƙarshe ya ba mutumin da ke gadon, wanda ya yi ta godiya bai san dalili ba.

Sau biyu ya aika Malama gidan Dogo da kuɗi a ambulan. An karɓa, an yi godiya. Shi da kansa ya san abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai kuɗin ƙarfen da za a sa a ƙafa ba, balle aikin. Amma ya fi sauƙi a ce Baba Birki mai tausayi ne.

Gidan ya canza, ko da yake ba wanda ya ɗaga murya. Inna tana kawo abinci a kan lokaci, tana amsa gaisuwa. Sai dai ta daina zama idan yana ci. Bangon baya ya tsaya rabi da filasta rabi babu, da zanen cokalin Dogo na ƙarshe a inda ya tsaya, kamar an katse mutum a tsakiyar magana. Suruki ya kawo wani mai filasta, Baba ya ce a dakata. Wata rana jikarsa ƙarama ta tambaya a wurin cin abinci ina mutumin nan mai ban dariya. Ƙanwar Malama ta buɗe baki da maganar gida, ta kai "Tsallake," sai ta haɗiye sauran. Tun daga ranar ba a sake jin maganar a gidan ba, sai sau ɗaya.

Inna ce ta faɗe ta. Yana zaune a tsakar gida da rediyo a kashe, ta zo wucewa da kwandon wanki, ta tsaya ba ta dube shi ba.

"Malam, mutum yana iya tsallake bakwai. Amma in ya tsallake bakwai da takwas da tara, ban san inda ƙafarsa za ta sauka ba."

Ta wuce.

Mako biyar da faɗuwar, da la'asar, aka yi sallama a ƙofa. Matar Dogo ce, bayanta mai amalanke, a kan amalanken ga koren tsani. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, maigidan ya ce a gaishe ka. Ya ce a ba ka haƙuri, kayan aro sun daɗe a hannunsa. Ya ce masu kawo kaya sun yi kuskure sun haɗo da tsaninka, shi kuma bai so ya dawo da shi a karye ba."

Ta kwance wani ƙyalle, ta fito da mataki sabo, na farin katako mai nauyi, an fere shi an goge har yana sheƙi.

"A kwance ya sassaƙa shi, da wuƙa. Ya ce bai iya tsayuwa ya sa maka ba, sai dai ka sa a sa."

"Yaya ƙafar?" in ji Baba Birki.

"Da sauƙi. Ta kama. Sai dai mai ɗori ya ce ta ɗan gajarta." Ta yi ɗan murmushi. "Shi kuwa cewa ya yi, dama me aka tara da za a rage."

Ta miƙe za ta tafi, sai ta tuna. Ta sake buɗe ƙyallen.

"Af, ya ce ga wannan ma. A jikin tsohon matakin ya same ta. Ya ce a kawo maka kayarka, kada ta ɓata."

Waya ce. An warware ta, an kankare fentin, an naɗe ta da kyau kamar zobe. Ta yi baƙi da tsatsar shekara tara.

Baba Birki ya karɓa. Mai aikin hannu ya san tsohuwar tsaga da sabuwa, kamar yadda direba ya san tsohuwar ƙarar inji. Dogo ya kwanta mako biyar da guntayen matakin nan a gefensa. Ya san wanda ya naɗa wayar, ya san wanda ya shafa fentin, ya kuma san abin da aka gaya wa mai inshora, tunda ga tsani an kawo masa har gida. Bai aika da ko kalmar zargi ɗaya ba. Ya fere mataki.

Matar ta tafi. Ya zauna a kan bulo da zoben waya a tafin hannu har aka kira magariba.

Da safe ya sa rigarsa ta zuwa ofis, wadda rabonsa da ita tun ranar da ya ajiye aiki. Suruki ya ji labarin dawowar tsanin ya bugo waya, Inna ta ɗauka ta ce Malam ya fita, ba ta kuma san ya bar saƙo ba. Ofishin inshorar yana hawa na biyu. Mai binciken ta taso da fara'a, ta jawo masa kujera. Bai zauna ba.

"Tsanin nawa ne," ya ce. "Na mahaifina ne. Matakin ya tsage shekara tara da suka wuce. Ni na ɗaure shi da waya, ni na shafa fenti. Kowa a gidana ya sani. Shi ne kawai bai sani ba."

Ya ajiye wayar a kan teburinta.

Ta dubi wayar, ta dube shi, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta jawo sabon fom. Tambayoyin da ta yi masa a hankali ta yi su, idonta a kan takarda. A da Baba take cewa. Yanzu ta ce, "Maigida ya san da lalacewar kafin ranar?" Ya ce ya sani. "Maigida ya gargaɗi ma'aikacin?" Ya ce bai yi ba. Ta juyo da fom ɗin, ta nuna masa layin da aka bari don dalilin haɗari, ta ce da hannunsa ake so.

Ya rubuta: sakacin maigida. Rubutunsa mai kyau ne, irin na mutanen da. Sai da ya ɗiga wa kowane harafi abin da yake bukata.

"Zan sha faɗa a wurin manyana," ta ce, "don ban je na duba ba. Wannan nawa ne." Ta ɗauki fom ɗin. "Zan tura yau. Zan bi shi da ƙafata."

Ta raka shi har bakin matakala. Yana jin idonta a bayansa yana sauka.

Kamfanin ya yi jinkirinsa, ya aiko da wani ya ga tsanin, ya yi tambaya a kan sauya magana, amma ya biya. Aka mayar da Dogo asibiti, aka sake karya abin da ya kama a karkace, aka sa ƙarfe. Likita ya ce da a makon farko ne, da ya tashi kamar ba a yi ba. Yanzu kam zai yi tafiya, amma ƙafar ta gajarta da faɗin yatsa biyu, kuma shi da hawa sun yi sallama.

Unguwa ta ji, domin mai taya yana da baki. Ba wanda ya ce wa Baba Birki komai. Ana gaishe shi kamar da. Sai dai da ya fitar da tsohuwar fankarsa zai sayar, mai sayen ya ce a ɗan jona ta ya gani. Baba ya jona masa da kansa.

Dogo ya buɗe 'yar rumfa a bakin titi, yana zuba tukwanen fure da adon bango na siminti, aikin da ake yi a zaune. Kowace Asabar Baba Birki yakan je. Yakan zauna a kan benci, ya riƙe masa buhu, ya miƙa masa ruwa. Dogo yana nan da bakinsa.

"Baba, ka ga ikon Allah. Da ina Dogo ɗaya, yanzu na zama biyu. In na tsaya a hagu dogo, in na tsaya a dama gajere. Matata ta ce ta rasa wanda ta aura."

Baba yakan yi dariya iyakar yadda zai iya. Takarda ta riga ta faɗi cewa ya sani, amma akwai abin da takarda ba ta da layinsa: cewa kalmomin suna kan harshensa a safiyar nan, kuma abin da ya hana su fita bai fi murmushin mai taya ba. Wannan yake so ya faɗa da bakinsa. Sau ɗaya ya kai ga farawa. Rumfar ba kowa, Dogo yana shafa bakin wata tukunya.

"Dogo, ranar nan da ka fito da tsanin. Lokacin da muke tsaye a ƙofa, ni da..."

"Birki, Baba," in ji Dogo, a hankali, bai ɗago ba. "Miƙo mini wancan soson."

Ya miƙa masa. Ko Dogo ya yafe ne, ko kuwa bai so a sauke masa kayan da ba nasa ba, wannan Baba bai sani ba, kuma bai sami fuskar tambaya ba. Ya ci gaba da zuwa ranar Asabar shekara huɗu.

Matakin da Dogo ya fere kuwa yana cikin durowa, tare da tsofaffin lasisi. Malama ta ce a kira kafinta, ya ce a'a. Suruki ya ce a sayi tsanin ƙarfe a huta, ya ce a saya, amma wannan a bar masa. Ya gaya wa Inna shi zai sa da hannunsa, ranar da ya gama wata magana.

A makon da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ranar Talata da hantsi, Inna ta ji ƙwanƙwasa a bayan gida. Ta leƙa ta taga. Ya kwantar da tsanin a kan bulo biyu, a gindin bangon nan mai rabin filasta, ya kankare fentin da ya toshe ramukan. Ta ga yana gwada matakin, yana cirewa, yana sake gwadawa. Dogo ya fere shi da ɗan kauri, yadda ba zai taɓa yin sako-sako ba, sai an ƙara buɗe ramin kaɗan. Can ta ji shiru. Ya shigo ya ce kansa yana juyawa, zai ɗan kishingiɗa, da la'asar ya ƙarasa, don yana so ya kai wa Dogo ya gani ranar Asabar.

Bayan kwana uku da rasuwarsa Dogo ya zo gaisuwa, yana dogara sanda. Da ya gama da maza, ya nemi a yi masa iso wurin Inna, daga nan ya zaga baya shi kaɗai. Tsanin yana nan a kan bulo. Matakin ya shiga ta gefe ɗaya, ya zauna daram. Ɗaya gefen yana sama da raminsa kaɗan, bai fi kaurin farce ba. Ga guduma a ƙasa, ga 'yar wuƙa, ga ɓawon koren fenti da iska ba ta kwashe ba.

Dogo ya sa babban yatsa ya shafa bakin ramin. Suruki ya biyo shi, ya ce ai aikin minti biyar ne, bari ya ɗauko gudumar.

Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin girki.

"A bar shi," ta ce. "Ya ce shi zai sa."